Tsohuwar matakalar dutse ta gidanmu a Bukuru: a goge ta ko a lulluɓe ta da tayil?

Baban Yusra: Salamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema wajen masu sanin gini. Muna gyaran gidan mahaifinmu a Bukuru, tsohon gida ne tun zamanin da ake haƙar kuza gadan-gadan, shi ma marigayin a hannun wani ya saya. Ciki mun gama da shi, rufi ma an sauya. Abin da ya rage matakalar ƙofar shiga ce, hawa biyar, kowane hawa dutse ɗaya ne guda, tsawonsa kamar ƙafa 4. Matsalolinta: ta yi santsi kamar an shafa mata man gyaɗa, da damina ba a taka ta sai da bismillah. Hawa na biyu ya yi kwarmi, ruwa na kwanciya. Na sama kusurwarsa ta tsage inda ƙarfen dafawa ya shiga. Sannan wani ya taɓa shafa mata jan fenti shekarun baya, rabi ya ɓare rabi yana nan. Mai aikina ya ce a zuba siminti a manna tayil a huta. Zuciyata ba ta kwanta ba. Ga hotuna nan.

Maman Khalifa: Wa alaikumus salam. Ni dai da ni ce tayil zan sa, wallahi. Gida ya yi kyau ciki sannan a bar tsohon dutse a ƙofa kamar bakin rijiya? Baƙo da ƙofa yake fara gaisawa.

Sani Magini: Hajiya, a yi mini afuwa, tayil a matakalar waje a garin Jos neman karaya ne. Shekarata ta ashirin da wani abu ina wannan aiki, na sa shi da hannuna, na kuma dawo na ɓamɓare shi da hannuna. Ruwa yakan bi ta tsakanin layi ya shiga ƙarƙashi, siminti ba ya kama dutsen da ya yi santsi, bayan damina biyu sai ka ji yana amsa ƙwam-ƙwam in ka taka, daga nan baki ya fara guntulewa. Kuma kaurin siminti da tayil zai ƙara wa hawan farko tsayi, ya rage wa na ƙarshe. Ƙafa ba ta son haka.

Injiniya Bashir: Maganar Malam Sani ta ƙarshe ita ce babba, kada ta wuce ba a lura ba. Ƙafa tana auna matakala ne a hawa biyun farko, daga nan ta ci gaba ba tare da ido ba. In hawa ɗaya ya saɓa wa sauran sai tuntuɓe. A dokar ginin gidaje ta Amurka ba a yarda bambancin hawa mafi tsayi da mafi gajarta ya wuce 3/8 na inci ba, ka ga abin ƙanƙani ne. Baban Yusra, kafin komai ɗauki tef ka auna mana tsayin kowane hawa da faɗinsa. Sannan ka yi gwaji biyu, don mu san wane irin dutse ne. Na ɗaya, ka matsa lemon tsami a inda babu fenti, ko ka ɗiga ruwan khal. In ya yi kumfa yana ɗan tsitsitsi, dangin farin dutsen nan ne da ake yin siminti da shi, irin na Kalambaina da Ashaka, ko mabul. Na biyu, ka karce shi da tsinin wuƙa. A ma'aunin taurin duwatsu mai hawa 10, mabul yana wajen 3, ƙarfen wuƙa wajen 5 da rabi, giranit 6 zuwa 7. In wuƙa ta kasa cin sa, giranit ne. Tunda Bukuru ce na fi zaton giranit, yawancin tsaunukan Filato shi ne, a jikinsa ma kuzar ta samo asali.

Baban Yusra: Na gwada yanzu. Lemon tsami bai yi komai ba. Wuƙa kuwa ita ce ta bar zanen ƙarfenta a jikin dutsen, na goge da yatsa ya fita. Awo: hawa huɗu inci 6 da rabi kowanne, na ƙasa inci 5 saboda ƙasa ta taru a gindinsa. Faɗin wurin taka ƙafa inci 12.

Injiniya Bashir: To alhamdulillahi, wanda ya gina ta ya san aikinsa. Akwai tsohon lissafi na magina: tsayin hawa sau biyu a haɗa da faɗi, ya ba da inci 24 zuwa 25, gwargwadon takun mutum. Naka 6 da rabi sau biyu 13, a haɗa da 12, 25 cif. Ka kwashe ƙasar da ta binne na ƙasan kawai. Amma wani abu ya ɗaure mini kai. Giranit ba ya yin kwarmi da tafin ƙafa a shekara 70, sai dai ya yi sulɓi. Kuma na ƙara girman hoton, kwarmin ba a tsakiya yake ba inda ake takawa, a gefen dama yake, dogo ne kamar kwale-kwale.

Yaya Hadiza: Injiniya ka iya kallo. Ni ce babbar yayarsa, shi ya saka ni a zauren nan jiya don in ji da kunnena. Wannan kwarmin ba ƙafa ba ce, Inna ce. Nan take wasa wuƙa. Kullum da hantsi za ta fito da kofin ruwa ta zauna a hawa na uku, ta ɗiga ruwa a na biyu, ta yi ta jan wuƙar gaba da baya tana sauraron rediyo. Ranar jajiberin Babbar Sallah kuwa duk maƙwabta nan suke kawo wuƙaƙen layya da adduna, Baba ya zauna yana wasa musu har azahar. Shi Baban Yusra lokacin yana goye, bai san an yi ba. Don haka ina faɗa a gaban kowa: duk abin da za ku yi ku yi, amma wanda ya cike wannan ramin da siminti ni da shi ne.

Maman Khalifa: Allah sarki. Allah ya jiƙan Inna da Baba. Na janye maganar tayil.

Baban Yusra: Amin. Yaya na ji, amma fa ke ce kika zame a kanta bara, kika yi sati biyu kina ɗingishi.

Yaya Hadiza: A na huɗu na zame, ba a na Inna ba.

Auwalu Tarazo: Ranka ya daɗe abin mai sauƙi ne. Aikinmu ne. A kawo giranda da faifan lu'ulu'u, a fara da mai kaushi a bi a hankali: 50, 100, 200, 400, 800, 1500, 3000. In muka kai 3000 za ka ga fuskarka a ciki, baƙin ɗigo-ɗigon nan da jan da ke cikin dutsen duk su fito. Kwana biyu mun gama.

Sani Magini: Auwalu, mutum ya ce matakalarsa na kayar da mutane don santsi, kai kuma za ka mayar masa da ita madubi?

Auwalu Tarazo: Malam Sani ai kyau ake nema. Ka je Harami ka ga mabul yana walƙiya, miliyoyin mutane na takawa.

Hajiya Ummi: Na je, kuma na ga ma'aikata ba dare ba rana suna bin sa da injin tsane ruwa, da zarar wani abu ya zube sun kewaye wurin da igiya. Wa zai yi wa Baban Yusra wannan a watan Agusta, ruwa na zuba kwana uku a jere?

Injiniya Bashir: Jerin lambobin da Auwalu ya kawo daidai ne, inda za a tsaya ne muka saɓa. Kowane faifai aikinsa ya share zanen wanda ya gabace shi, shi ya sa ba a tsallake lamba. In ka tashi daga 50 ka faɗa 400, zanen 50 zai zauna har abada, sai dai ya yi ƙyalli. Daga 800 zuwa sama ƙyalli ake nema, wannan na teburin kicin ne da falon cikin gida. A waje, inda ruwa ke sauka, ni ba na wuce 100, in an matsa 200, shi ma a fuskar hawan da ake gani daga gaba, ba inda ake takawa ba. Inda ake takawa kaushi muke so mu mayar masa. A gaskiya matakalar nan ba goge ta ake buƙatar yi ba, shekaru sun riga sun goge ta fiye da kima.

Kawu Ɗanlami: Yara, duk wannan turancin lambobin, abin da kuke nufi ƙoda ce. Da can in dutsen niƙa ya yi santsi ya daina cin hatsi, ai ba a jefar da shi, ƙoda shi ake yi. A sami dutse mai tauri a yi ta ƙwanƙwasa fuskarsa ɗis-ɗis-ɗis, har ya yi ƙananan ramuka kamar zanzana, sai ya koma cin dawa kamar sabo. Ina yaro da safe sai ka ji ƙarar daga gida uku huɗu. To abin da ke kama ƙwayar dawa shi zai kama tafin takalmi.

Injiniya Bashir: Kawu ka gama magana. Shi ne abin da masu sassaƙar dutse ke yi da wata guduma mai haƙora a fuskarta kamar ta bugun nama. Akwai ma wadda ake ɗaura wa inji. Sharaɗi ɗaya: kada a kai bugu bakin hawan, a bar kamar inci 1 daga baki, in ba haka ba zai ɓalle. Kuma kada a kusanci kusurwar da ta tsage.

Auwalu Tarazo: To na yarda da ƙodar a sama. Amma fentin fa? Ku bar ni in ci shi da giranda a bushe, minti talatin ya fita.

Dakta Maryam: Don Allah a'a. Na yi shiru ne ina karatu, amma nan dole in sa baki. Giranit cike yake da ƙwayar yashi mai tauri da ake kira silika. In aka niƙe shi a bushe, ƙurar da ke tashi akwai wadda ido ba ya gani, ita ce ke wucewa har can cikin huhu ta zauna. Jiki ba ya iya narkar da ita, sai huhu ya yi ta yin tabo a kewayenta. Ciwon ba ya warkewa, sai dai a rage wa mutum wahala, kuma yana buɗe wa tarin fuka ƙofa. Masu fasa dutse da masu haƙar ma'adinai sun san shi, ko da ba su san sunansa ba: mutum yana da ƙarfinsa, shekaru kaɗan ya koma ba ya iya hawa matakala biyar irin wannan sai ya tsaya ya huta. Ga kuma fentin. Tsofaffin fenti da yawa akwai dalma a ciki, kuma mu a Arewa mun ga abin da ƙurar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010. Gidan nan akwai yara. A jiƙa, a kankare, a tattara a zubar nesa. Ɗankwali ko hankici a hanci ba ya tare komai, a nemi takunkumi na gaske, N95 ko wanda ya fi shi.

Auwalu Tarazo: Dakta kin tsorata ni. Mu dai madara muke sha bayan aiki.

Dakta Maryam: Madara ciki take zuwa Malam Auwalu, ƙura kuma huhu. Ba sa haɗuwa a hanya. Ka sha don daɗi, amma ka sa ruwa a aikinka.

Sani Magini: Ruwa da wuta kuma a yi hattara. Na taɓa ganin yaro yana riƙe da giranda, wani na zuba masa ruwa da buta, waya duk ɗauri da leda tana kwance a cikin taɓo. Allah ne ya tsare, jefar da shi ta yi. A rataye waya sama, a sa takalmin roba, a sa na'urar nan mai katse wuta da kanta in ta ji yoyo. Sannan girandar kanti ta yau da kullum gudunta ya kai juyi 11,000 a minti, faifan gogewa kuwa ba ya son ya wuce wajen 4,000. In ka ɗora shi a mai gudu zai ƙone, ya bar baƙin tabo a dutsen. A nemi mai rage gudu.

Ɗan Bradford: Ina biye da ku daga Ingila. Nan tsofaffin gidajen ma'aikatan masaƙa duk matakalar dutse ce, amma nasu dutsen yashi ne, ya fi naku laushi, shi ya sa yake lotsawa a tsakiya kamar sirdi. Tsofaffin matan nan har gasa suke yi da, kowace ta durƙusa ta goge dokin ƙofarta da wani ɗan dutsen goge-goge don maƙwabta su gani. Abin da na ga magina na yi a nan shi ne su ciro hawan da ya cinye su kifa shi, cikinsa ya koma sama. Ba za a yi wa na biyun haka ba?

Yaya Hadiza: A kifa na Inna? Ɗan Bradford, ka zauna lafiya a inda kake.

Sani Magini: Ko Yaya ta yarda ma ba zan ba da shawarar ba. Duwatsun nan fuska ɗaya da gaba ake gyarawa, ƙasan yadda aka faso shi haka yake, tudu da kwari. Ga nauyi: ƙafa 4 a ƙafa 1 a inci 6 da rabi na giranit ya haura kilo 150, buhun siminti uku ke nan a dunƙule, babu wurin kamawa. Kuma na uku a kansa yake zaune. Ka taɓa ɗaya ka tayar da duka.

Baban Yusra: To ruwan da ke kwanciya a ramin fa? Shi ke kawo gansakuka.

Injiniya Bashir: A yanka masa 'yar siririyar hanya daga ƙarshen kwarmin zuwa baki, faɗin fensir, zurfinta ya ɗan fi na ramin kaɗan. Ruwa zai bi ya sauka, ramin na nan yadda yake. Sauran hawan ka ɗora lebul ka gani, ya kamata kowanne ya ɗan sunkuya gaba, kamar kashi 1 zuwa 2 cikin 100. Kusurwar da ta tsage kuma laifin ƙarfen ne. Ƙarfe in ya yi tsatsa kumbura yake yi ya ninka kaurinsa, yana tura dutsen daga ciki har ya fasa shi. In ka liƙe tsagar ka bar ƙarfen, baɗi za ta sake buɗewa. A zare shi, a wanke ramin tas, a bar shi ya bushe sosai, a manne guntun da gam ɗin dutse mai haɗi biyu. Ka ajiye garin dutsen da ya fito wajen yanka hanyar ruwan, a kwaɓa da gam ɗin a cike layin, launin zai saje. Sabon ƙarfen dafawa a kafa shi a ƙasa gefen matakalar, kada a sake huda dutsen.

Maman Khalifa: Jan tabon tsatsan fa? Mu da asid ɗin wanke tayil muke fitar da shi.

Injiniya Bashir: Kada ya kusance ta. Zai cinye simintin da ke tsakanin duwatsun, kuma wani giranit ɗin akwai ƙarfe a jikinsa, asid na tayar da shi, bayan sati ka ga tabon ya fi na da yawa. Akwai maganin tsatsa da aka yi don dutse, a gwada shi a lungu tukuna. Gansakuka kuwa buroshi mai tauri na roba da ruwan bilic da aka sirka sun ishe ta. Banda buroshin waya, yana barin ƙarfe a dutse ya zama sabon tsatsa.

Auwalu Tarazo: In an gama a shafa banish ya fito da launi.

Sani Magini: Auwalu kai dai sai ka ga ƙyalli hankalinka ke kwanciya. Banish a waje rana za ta dafa shi ya yi rawaya, ya riƙa ɓarewa kamar fatar maciji, ga santsi ya dawo. In dole sai an shafa wani abu, akwai mai shiga cikin dutse ya bushe ba ya barin komai a sama. Ni a giranit na waje ko shi ba na sawa.

Baban Yusra: Jama'a na dawo da rahoto, yau kwana tara. Fentin mun jiƙa shi da maganin cire fenti muka kankare, ya ci mana kwana biyu, a ƙarƙashinsa ashe dutsen ruwan toka ne mai ɗigon ja-ja. Auwalu ya zo da kansa, da takunkuminsa sabo fil, ya goge fuskokin gaba da ruwa ya tsaya a 200, yana yi yana ƙorafin an hana shi nuna gwaninta. Gudumar mai haƙora ba mu samu ba a kasuwa, sai Kawu Ɗanlami ya haɗa mu da wani dattijo mai sassaƙa dutsen niƙa, ya zo da 'yar gudumarsa mai tsini ya zauna kwana uku yana ƙoda, hawa huɗu. Na biyun ya ƙoda gefen hagu da tsakiya, da ya iso wajen ramin Yaya na tsaye a kansa, ya kewaye shi ya bar masa yatsa biyu. An yanka hanyar ruwan. Jiya an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, na fita da silifas na hau na sauka sau uku, ƙafa na kamawa. Kusurwar dai layin gam ɗin yana ɗan nunawa in ka duƙa, na so ya fi haka sajewa.

Injiniya Bashir: Zai dushe in ƙura ta hau shi. Ƙarfen fa, an zare?

Baban Yusra: An zare, gindinsa ya cinye saura kamar kaurin ƙusa. Mai walda zai zo ranar Asabar.

Yaya Hadiza: Na gwada wuƙar kicin a ramin ɗazu. Har yanzu yana ci.

Hajiya Ummi: Baban Yusra duba saƙonka, ina son a haɗa ni da dattijon nan. Akwai dutsen niƙan kakarmu a bayan ɗaki, shekara da shekaru an kifa shi ana ɗora bokiti a kai.